Jonathan Swift (1667–1745): Limamin da Ya Mayar da Habaici Makami

An haifi Jonathan Swift a birnin Dublin na ƙasar Ailan ranar 30 ga Nuwamba, 1667, watanni bakwai bayan rasuwar mahaifinsa. Iyayensa 'yan asalin Ingila ne, kuma baffansa Godwin ne ya ɗauki nauyin karatunsa, daga makarantar Kilkenny har zuwa Kwalejin Trinity ta Dublin, inda ya sami digiri a 1686. Rikicin sarauta na 1688 ya sa ya ƙaura zuwa Ingila, ya zama magatakarda ga Sir William Temple, tsohon jakada, a gidansa na Moor Park. A nan ya yi karatu mai zurfi, a nan kuma ya haɗu da Esther Johnson, yarinyar da ya koyar, wadda daga baya ya laƙaba wa suna Stella. A 1695 aka naɗa shi limamin cocin Angilika.

Littafinsa na farko mai nauyi, A Tale of a Tub, ya fito a 1704 ba tare da sunan marubuci ba. Labari ne na 'yan'uwa uku da mahaifinsu ya bar wa kowannensu riga da wasiyyar kada ya canza mata komai, amma kowa ya nemo wa kansa fassarar da za ta ba shi damar yi wa rigar ado. Ɗariƙun Kirista uku yake nufi. Littafin ya fito da sunansa, ya kuma jawo masa zargin wasa da addini, zargin da ya bi shi har ya hana shi kujerar bishop da yake hanƙoro a Ingila. Daga 1710 ya zama alƙalamin jam'iyyar Tory, ya rubuta The Conduct of the Allies a 1711 don jan ra'ayin jama'a zuwa ga sulhu da Faransa. Ladansa shi ne shugabancin limaman babbar majami'ar St Patrick da ke Dublin a 1713. Da Sarauniya Anne ta rasu a 1714, gwamnatin Tory ta faɗi, sai ya koma Ailan yana ganin tamkar an kore shi ne.

A wannan zaman da bai so ba ne ya yi ayyukan da suka fi daɗewa. A 1722 gwamnatin Landan ta ba wani ɗan kasuwa, William Wood, izinin buga wa Ailan kwabban tagulla ba tare da shawartar majalisar Dublin ba. Swift ya ari bakin wani mai sayar da yadi, ya rubuta jerin wasiƙun da aka sani da Drapier's Letters daga 1724, cikin harshen 'yan kasuwa, yana kiran jama'a su ƙi karɓar kuɗin. Gaskiya ita ce ya zuzuta lalacewar kwabban, domin gwajin da aka yi ƙarƙashin Isaac Newton ya nuna ba su da aibu. Amma ba tagulla ce ainihin maganar ba. Maganar ita ce wa ke da ikon yanke wa Ailan hukunci. An kama mai ɗab'in wasiƙun, John Harding, aka sa ladan fam 300 ga duk wanda ya tona marubucin. Dublin ta san ko wane ne, ba wanda ya buɗe baki, kuma a 1725 aka janye izinin.

A 1726 aka buga Gulliver's Travels, labarin tafiye-tafiye huɗu na wani likitan jirgin ruwa. Yara sun fi sanin ƙasar Lilliput, ta mutane masu tsawon inci shida da ke yaƙi kan ta wane gefe ake fasa ƙwai. Tafiya ta huɗu ba ta yara ba ce: dawakai ne masu hankali, halittu masu siffar mutum kuwa su ne dabbobi, har Gulliver ya dawo gida ba ya iya jure warin iyalinsa.

Ƙololuwar fasaharsa ita ce ƙasidar A Modest Proposal ta 1729, bayan shekarun yunwa. Mai zambo yakan kama suna ya zazzaga, shi kuwa Swift shaguɓe ya yi. Ya ƙirƙiri wani masanin tattalin arziki mai sanyin murya, wanda ya yi lissafi dalla-dalla ya ba da shawarar talakawa su riƙa sayar da jariransu 'yan shekara ɗaya a matsayin nama ga masu hali, kan sule goma kowanne. Babu inda muryar ta yi rawa, kuma wannan natsuwar ce ke tayar da tsigar jiki, domin irin harshen da masu filaye da masu mulki ke magana da shi kan talakawa ne ya bi har ƙarshensa. Sai dai bai kamata a yi masa rawanin da bai nema ba: Swift ya kare fifikon cocinsa, bai kuma yi fafutukar soke dokokin da suka danne Katolika, mafi rinjayen al'ummar ƙasar, ba.

Rasuwar Stella a 1728 ta girgiza shi. Tun yana saurayi yake fama da jiri da toshewar kunne, ciwon da likitocin baya suka danganta da cutar Ménière. A 1742 aka tabbatar ba ya iya kula da al'amuransa, aka naɗa masa masu kula. Ya rasu ranar 19 ga Oktoba, 1745, aka binne shi kusa da Stella a cikin majami'ar St Patrick. Mafi yawan dukiyarsa ya yi wasiyya da ita don gina asibitin masu taɓin hankali a Dublin. An buɗe asibitin a 1757, kuma har yau yana karɓar marasa lafiya.