Fausto Coppi, Sarkin Hawan Dutse da Keke

Duk wanda ya taɓa fita da sassafe ran Asabar a Abuja ya ga waɗansu mutane bisa kekuna sirara, sun sunkuyar da kai sai ka ce masu neman allura a ƙasa, suna hawan tudun Mpape ba su ko sa ƙafa ƙasa. Ni dai na tashi da keken mahaifina ne, baƙin Raleigh mai kariya da madigadi, wanda in na zo tudun da ke gaban makarantarmu ta mishan tilas in sauka in tura shi. Saboda haka abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Da na bi diddigi sai na tarar masu wannan wasa suna da wani mutumin Italiya da su ke ɗauka kamar kakansu, sunansa Fausto Coppi. Abin da ya sa na ga ya kamata in kawo muku labarinsa shi ne, daga nan Afirka ta Yamma ya ɗauko ajalinsa, ta hanyar wani abu da kowannenmu ya sani a ɗakin kwanansa.

An haifi Coppi ran 15 ga Satumba, 1919, a wani ƙaramin ƙauye bisa tudu mai suna Castellania, a arewacin Italiya. Iyayensa manoma ne talakawa, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar. Yaro ne ramamme, mai dogayen ƙafafu, ba ya son makaranta, ba ya kuwa son fartanya. Yana da shekara 13 ya bar karatu, aka kai shi garin Novi Ligure wurin wani mai sayar da nama, aikinsa shi ne kai wa masu ciniki kaya gida gida bisa keke. Daga baya ya riƙa zuwa aiki daga ƙauye yana komowa, kamar kilomita 20 kowace tafiya, komowar kuwa hawa ce. Baffansa, ma'aikacin jirgin ruwa, shi ya taimaka da kuɗin da aka saya masa keken tsere na fari.

A Novi Ligure akwai wani makaho mai tausa, Biagio Cavanna, wanda manyan 'yan tsere su ke zuwa wurinsa. Da hannu ya ke gane mutum. Ya taɓa ƙafafun yaron nan da ƙirjinsa, ya ji bugun zuciyarsa, sai ya karɓe shi. Shi ya tsara masa lokacin barci, da abin da zai ci, da nisan da zai yi kowace rana. Mu da mu ke koyon aikin malanta ya kamata mu lura da wannan makaho, gama ya ga abin da malaman makarantar ƙauye masu ido biyu ba su gani ba.

Kafin in ci gaba sai in bayyana abin da ya sa hawan dutse ya bambanta da sauran tsere. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gāban mai keke iska ce, don haka 'yan tsere su kan jeru, wannan ya fake a bayan wancan, mai rauni ma ya iya bin masu ƙarfi har ƙarshe. Amma in hanya ta miƙe sama, gudu ya ragu, iska ba ta da wani tasiri, sai nauyi ya zama shi ne abin yaƙi. Kowane kilo na jikin mutum da na kekensa sai ya ɗaga shi da ƙafafunsa har ƙwanƙolin dutsen, ba wanda zai ɗaukar masa. Shi ya sa a ke cire wa keken tsere madigadi da kariya da fitila, a yi masa taya siririya. Keken Coppi na ƙarfe ne, nauyinsa wajen kilo 10, yana da giya huɗu ko biyar a ƙafar baya. Na zamanin yanzu da zaren kabon a ke yinsu, giyar baya ta kai 12, har hukumar tseren keke ta duniya ta sa doka tun shekarar 2000 cewa kada keken tsere ya kasa kilo 6.8, don kada a yi ta rage shi har ya karye da mutum. Hanyoyin duwatsun a zamanin Coppi kuwa da yawansu ba kwalta, tsakuwa ce da taɓo, ɗan tsere ya kan rataya tayar canji a kafaɗa.

A 1940 ƙungiyar Legnano ta ɗauke shi don ya yi wa gwaninta Gino Bartali hidima a babban tseren zagaya Italiya, wanda a ke kira Giro. Tseren nan mako uku a ke yi, kowace rana da zangonta, a ƙarshe a haɗa lokaci. Aikin bara shi ne ya tare wa maigida iska, ya ɗebo masa ruwa, in tayarsa ta fashe ya ba shi tasa. To, tun farkon tseren kare ya gitta wa Bartali, ya faɗi ya ji ciwo. Ran da aka zo dutsen Abetone, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai baran nan ya taka feda ya bar kowa. Ya ci Giro yana da shekara 20, har yau ba a sami wanda ya ci shi da ƙuruciya irin wannan ba. Kashegarin gama tseren, ran 10 ga Yuni, Italiya ta shiga yaƙin Hitila.

Aka ɗauke shi soja. Duk da haka a Nuwamba 1942 ya sami dama ya shiga filin Vigorelli a Milan, ya yi kilomita 45.798 cikin sa'a guda, ba wanda ya wuce wannan sai a 1956. A 1943 aka tura shi Tunisiya, Ingilishi suka kama shi, ya zauna fursunan yaƙi har 1945. Shekarun ƙarfinsa ke nan suka tafi a bayan waya.

Da ya komo ya shiga ƙungiyar Bianchi, masu riga shuɗiya da fari. Italiya a lokacin kango ce, gadoji a karye, abinci da ƙyar. A Maris 1946 aka yi tseren Milan zuwa San Remo. Ya yar da abokin tafiyarsa na ƙarshe a hawan Turchino, ya iso shi kaɗai, sai da aka yi minti 14 kana na biyu ya bayyana, har gidan rediyo ya sa kiɗa don a rage zaman jira. Mutanen da yaƙi ya karya wa zuciya suka sami abin fita bakin hanya su yi sowa.

Amma ranar da a ke tunawa da shi fiye da kowace ita ce 10 ga Yuni, 1949, a zangon Giro daga Cuneo zuwa Pinerolo. Kilomita 254 ne, da manyan duwatsu biyar a jere: Maddalena, Vars, Izoard, Montgenèvre da Sestriere. Ana sanyi, ana yayyafi. Hankali ya nuna mutum ya adana ƙarfinsa sai dutse na huɗu ko na biyar. Coppi kuwa tun a na fari ya fita. Ya yi kilomita 192 shi kaɗai, watau kusan nisan Abuja zuwa Kaduna, ya hau ya gangara har sau biyar, ba wanda zai tare masa iska a cikin kwaruruka. Bartali ya biyo shi, shi ma shi kaɗai, ya iso bayan minti 11 da daƙiƙa 52. Waɗanda suka gan shi sun ba da labari cewa ba ya girgiza kafaɗa, ba ya yawan tashi daga sirdi, ƙafafun ne kurum su ke juyawa kamar ba nasa ba. In ya sauka daga keke kuwa sai ka ga mutum mai doro, mai tafiyar shamuwa.

A wannan shekara ya tafi tseren zagaya Faransa. Cikin makon fari ya yi karo ya faɗi, kekensa ya lalace, aka ba shi rata fiye da rabin sa'a, har ya ce zai koma gida. Shugaban tawagarsu Alfredo Binda ya yi ta lallashinsa. Ya haƙura ya ci gaba, ya rama ratar a duwatsu, ya ci tseren. Shi ne mutum na fari da ya haɗa na Italiya da na Faransa cikin shekara guda, ya kuma sake yin haka a 1952. A shekarar ce aka fara hawan Alpe d'Huez, hanya mai kwana 21, wadda kowane mita 100 da ka yi gaba ka hau wajen mita 8, har kusan kilomita 14. Shi ya fara isa sama. Ya ba na biyu ratar minti 28 a ƙarshen tseren, har masu shiryawa suka ƙara ladan matsayi na biyu don sauran su sami abin yi wa kokawa. A 1953 aka kai Giro bisa Stelvio, mita 2,757, watau ya fi Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya. Hanyar tana da kwana 48, ga dusar ƙanƙara dama da hagu. Nan ya bar Hugo Koblet na Suwizalan, ya ci Giro na biyar, a shekarar kuma ya zama zakaran duniya a Lugano.

Ba ƙarfi kaɗai ya kai shi nan ba. Sa'ad da sauran su ke cika ciki da nama kafin tsere, shi ya kan ci abinci marar nauyi, kaɗan kaɗan. Ya kan duba hanya tun kafin ranar, ya zaɓi giyar da ta dace da kowane dutse, ya raba wa barorinsa aiki. Ɗaya daga cikinsu, Andrea Carrea, ya wayi gari a 1952 shi ke kan gaba a tseren Faransa ba da nufinsa ba, sai ya fashe da kuka don kunyar ya wuce maigida. Amma kada in ɓoye muku, Coppi da bakinsa ya yarda yana shan ƙwayoyin amfetamin don ƙarin kuzari. Ba a hana su ba a lokacin, ko da ya ke wannan bai mai da abin ya zama daidai ba a ganina.

Baƙin ciki bai ƙyale shi ba. Ƙasusuwansa ba su da ƙwari, ya karye sau da yawa, har da ƙugu a 1950. A 1951 ƙanensa Serse, wanda su ke ƙungiya ɗaya, tayarsa ta shiga dogon jirgin cikin gari a Turin, ya faɗi ya bugi kai. Ya tashi ya koma masauki kamar ba kome, kafin gari ya waye ya cika. Daga baya kuma Coppi ya bar matarsa Bruna ya zauna da Giulia Occhini, matar wani likita. Dokar Italiya a lokacin ba ta yarda da saki ba, aka kai su kotu a 1955, aka yanke musu ɗaurin talala. Waɗanda suka yi masa sowa jiya suka juya masa baya. Ba na wanke shi, ya ɓata gida biyu. Sai dai na lura matar aka kulle kwanaki a kurkuku, shi ba a kulle shi ba.

A Disamba 1959, yana da shekara 40, ƙarfi ya ja baya, aka gayyace shi tare da waɗansu gwanayen Faransa zuwa ƙasar da a ke kira Haute-Volta, wadda ta zama Burkina Faso a 1984. Suka yi tsere a Wagadugu ran 13 ga wata, Jacques Anquetil ya ci, Coppi ya zo na biyu. Sa'an nan aka kai su farauta wajen Fada N'Gurma. Garin nan ba baƙo ba ne ga Hausawa, fataken goro sun bi ta ƙasar Gurma zuwa Gwanja, sunan ma da bakinmu ne. A can suka kwana ɗaki ɗaya da abokinsa Raphaël Géminiani, sauro ya hana su barci.

Kowa ya koma ƙasarsa, zazzaɓi ya kama su duka biyu. A Faransa aka aika da jinin Géminiani a auna, aka ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro irin mai tsanani, aka ba shi kwinin, ya tashi bayan an riga an fid da rai. Danginsa suka buga waya Italiya suka faɗi abin da aka gano. Likitocin da ke duban Coppi ba su karɓa ba, sun tsaya a kan cewa mura ce mai tsanani ta sauka a ƙirji. Abin takaici, sunan maleriya ma kalmar Italiyanci ce, ma'anarta mugunyar iska, kuma wani masanin Italiya, Giovanni Battista Grassi, shi ya nuna a 1898 irin sauron da ke ɗauko wa mutum cutar. Amma ya zuwa 1959 ta kusa ƙarewa a ƙasarsu, har ba ta zo musu a rai ba.

Mu a nan ba mu da wannan hanzari. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya 'yan Nijeriya ne, amma a ɗakunan kwananmu na kwaleji sau nawa gidan sauro ya ke naɗe bisa ƙusa don zafi? Sau nawa ɗayanmu ya kwana uku yana rawar sanyi, yana haɗiyar maganin ciwon kai, bai je an ɗibi jininsa ba? Ni ma na yi haka a lokacin koyarwar gwaji, sai da abokan ɗakina suka ɗauke ni ranga ranga. Gobe kuwa 'ya'yan mutane za a damƙa mana, yaron da ya kwantar da kai bisa benci ba kullum ne malalaci ba.

An kai Coppi asibitin Tortona ran 1 ga Janairu, 1960, ya rasu da safiyar ran 2. Dubban mutane suka hau tudun Castellania da ƙafa cikin sanyi don jana'izarsa. Yanzu kabarinsa yana kusa da na Serse. Tun 1965 dutsen da ya fi tsawo a Giro na kowace shekara da sunansa a ke kiransa, Cima Coppi, a 2019 kuma aka ƙara sunansa a kan na ƙauyen. Géminiani, wanda suka kwana ɗaki ɗaya a Gurma, ya rayu har 2024, ya rasu yana da shekara 99.