Fausto Coppi: Sarkin hawa dutse da keke wanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe

A manyan gasannin tseren keke na Turai, wato Tour de France da Giro d'Italia, akwai wata gasa a cikin gasar. Duk wanda ya riga kaiwa ƙololuwar dutse yana samun maki, wanda ya fi tarawa kuma shi ne sarkin duwatsu. Tun 1933 ake wannan lissafi, kuma har yau idan ana maganarsa sai an ambaci Fausto Coppi.

An haife shi a ƙauyen Castellania na Italiya a 1919. Ɗan manomi ne, ya kuma saba da keke ne lokacin da yake yaron shagon nama, yana kai wa mutane saƙo. Yana da shekara 20 ya lashe Giro ta 1940. Daga nan yaƙin duniya ya katse masa hanzari, sojojin Birtaniya suka kama shi a Tunisiya a 1943.

Da ya dawo sai ya gagari kowa. A Giro ta 1949, tsakanin Cuneo da Pinerolo, ya yi kilomita 192 shi kaɗai a gaba, ya haye duwatsu biyar, ya ba babban abokin hamayyarsa Gino Bartali tazarar kusan minti 12. Wanda ya taɓa tura keke a gindin Dala ko Goron Dutse zai fahimci abin da ake nufi. Sau biyar ya ci Giro, sau biyu ya ci Tour, a 1949 da 1952, duka biyun haɗe da kambun duwatsu.

A Disambar 1959 aka gayyace shi tsere a Wagadugu ta Burkina Faso, lokacin ana kiran ƙasar Haute-Volta. Bayan tseren suka fita farauta, sauro ya yi musu kaca-kaca. Da ya koma gida zazzaɓi ya kwantar da shi, likitoci suka ɗauka mura ce mai tsanani, abin da ƙaramin asibiti a Kano zai fara zargi bai zo musu a rai ba. Ya rasu ranar 2 ga Janairun 1960 yana da shekara 40.

Abokin tafiyarsa, Bafaranshe Raphaël Géminiani, shi ma ya kamu, amma an gwada jininsa aka ba shi kwinin. Sai a 2024 ya rasu, yana da shekara 99.