Agustin na Hippo: Malamin da ya ƙare rayuwarsa yana neman asalin sharri

A watan Agustan shekara ta 430, lokacin da mayaƙan ƙabilar Bandal suka yi wa birnin Hippo ƙawanya, wani dattijo mai shekaru 75 yana kwance a ɗakinsa zazzaɓi ya kayar da shi. Ya sa an rubuta masa zaburar neman gafara an manna a bango, daidai inda idonsa zai kai daga kan gado, kana ya roƙi kada kowa ya shigo masa sai likita da mai kawo abinci.

Wannan dattijo shi ne Agustin, bishop ɗin birnin da a yau ake kira Annaba, a gaɓar tekun ƙasar Aljeriya. Ya rasu kusan ƙarni biyu kafin bayyanar Musulunci, amma har yanzu da wuya a yi muhawara kan ƙaddara da 'yancin zaɓi a tsakanin Kiristocin Yamma ba a ambaci sunansa ba.

Tambaya guda ce ta bi shi tun yana saurayi har ya tsufa. Idan Allah nagari ne, kuma yana da iko a kan kome, to daga ina sharri ya fito? In kuwa shi ne ya tsara kome, a kan wane dalili za a kama ɗan Adam da laifi?

Ƙuruciya a Afirka ta Arewa

An haifi Agustin ranar 13 ga watan Nuwamban shekara ta 354 a garin Tagaste, wanda yanzu ake kira Suk Ahras. A wancan zamani yankin yana ƙarƙashin Daular Rum. Mahaifinsa Patrisiyus ɗan majalisar gari ne mai 'yar gona, kuma bai karɓi addinin Kirista ba sai daf da mutuwarsa. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce mai tsananin riƙo da addini.

Iyayen sun ga yaron yana da kaifin basira, don haka suka tura shi karatu garin Madaura. Da kuɗi suka ƙare sai ya dawo gida ya yi zaman shekara guda ba aikin fari ba na baƙi, yana ɗan shekara 16.

A wannan shekara ce ya yi wani abu da yawancin mutane za su manta da shi kafin gari ya waye. Shi da abokansa sun shiga gonar maƙwabci da dare, suka kakkaɓe 'ya'yan wani itace, suka watsa wa aladu. Ba yunwa suke ji ba, hasali ma akwai waɗanda suka fi su daɗi a gidansu. Bayan kusan shekaru 30 Agustin ya koma kan wannan sata a littafin tarihin rayuwarsa, ya yi ta nazarinta shafi bayan shafi, domin abin da ya tsorata shi shi ne ya ji daɗin laifin ne kawai saboda laifi ne.

Daga nan wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus ya taimaka aka tura shi birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu, don ya koyi balaga. A can ya fara zama da wata mata ba tare da aure ba, suka haifi ɗa mai suna Adeodatus a wajejen shekara ta 372. Sun yi kimanin shekaru 15 tare, amma ko sau ɗaya bai ambaci sunanta a rubuce-rubucensa ba.

Shekaru tara a ɗarikar Mani

Wani littafi na masanin Rum, Sisero, shi ya cusa masa son falsafa yana ɗan shekara 19. Da ya buɗe Littafi Mai Tsarki a fassarar Latin ta lokacin, sai ya raina salonsa, ya ajiye. Waɗanda suka ja shi su ne mabiya Mani, wani mai wa'azi da ya bayyana a Daular Farisa a ƙarni na uku.

Amsar da suke bayarwa mai sauƙi ce. A cewarsu tun fil azal akwai iko biyu, Haske da Duhu, kuma Duhu ne ya kai wa Haske hari har suka cakuɗa. Allah ba shi da hannu a sharri, mutum ma ba shi ne ke yin zunubi ba, wani baƙon abu ne a jikinsa ke yi. Ga saurayi mai nauyin laifi a zuciya, wannan koyarwa ta zo da sauƙi ƙwarai. Monika ta fusata har ta hana shi shiga gidanta na wani lokaci.

To amma wani abokinsa, Nebridiyus, ya riƙa yin wata tambaya da ta gagari malaman ɗarikar. Idan Duhu ba zai iya cutar da Allah ba, me ya sa Allah ya shiga yaƙi da shi? Idan kuwa zai iya, to wannan ai ba Allah ba ne. An yi ta ce wa Agustin ya jira babban malaminsu Faustus. Da Faustus ya zo Kartaj, sai Agustin ya tarar da mutum mai daɗin baki da ladabi, amma ba shi da amsa.

A shekara ta 383 ya yaudari mahaifiyarsa a bakin teku, ya shiga jirgin ruwa da dare zuwa birnin Rum. Shekara guda bayan haka ya sami muƙamin malamin balaga a Milan, inda fadar sarki take a lokacin.

Abin da ya gano a Milan

A Milan ya fara zuwa sauraron wa'azin Bishop Ambros, da farko don ya auna ƙwarewarsa a magana kawai. A nan kuma ya karanta littattafan mabiya falsafar Aflatun da aka fassara zuwa Latin. Daga waɗannan biyu ya kai ga ra'ayin da ya riƙe har mutuwarsa.

Littafin Farawa ya nuna cewa duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne. Saboda haka, in ji Agustin, sharri ba halitta ba ce mai zaman kanta, rashi ne, wato tawayar alheri a cikin abin da asalinsa mai kyau ne. Ya ba da misali da ciwo: idan rauni ya warke, ba wani wuri ya ƙaura ba, ya daina kasancewa ne kurum, domin dama tawaya ce a lafiyar jiki.

To wa ya kawo tawayar? A ganinsa nufin halittu masu hankali ne, mala'iku da mutane, waɗanda aka ba 'yancin zaɓi suka juya baya ga mafificin alheri suka rungumi na ƙasa da shi. Haka ya fassara faɗuwar Shaiɗan da ta Adamu, yana mai cewa girman kai ne mafarinsu. Duk wanda ya matsa yana neman abin da ya haddasa wannan mugun nufi na farko, Agustin yakan ce tamkar mai son ganin duhu ne ko jin sautin shiru.

Fahimtar wannan bai sauya halinsa nan take ba. Monika, wadda ta biyo shi Milan, ta nema masa auren wata yarinya daga babban gida, aka mayar da uwar ɗansa Afirka. Kafin yarinyar ta isa aure sai ya sake ɗaukar wata mata. Ya san daidai, amma ya kasa yi, kuma wannan rauni na nufi ya zama ginshiƙin tunaninsa daga baya.

A shekara ta 386, yana kuka a wani lambu, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita wata waƙa mai umartar a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura ta 13, inda ake hani ga shaye-shaye da fasiƙanci. Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa a lokacin Ista na shekara ta 387. Monika ta rasu a wannan shekara a tashar jiragen ruwa ta Ostiya, suna kan hanyar komawa gida, Adeodatus ma bai daɗe ba ya bi ta.

Daga 'yancin zaɓi zuwa alherin Allah

A shekara ta 391 ya kai ziyara Hippo, jama'ar coci suka riƙe shi suka tilasta aka naɗa shi limami, yana hawaye. Bayan 'yan shekaru ya zama bishop. Ya yi sama da shekaru 30 yana wa'azi, yana kuma zaman shari'a tsakanin masu rikicin gado da bashi, aikin da ya sha kokawa cewa yana cinye masa lokaci.

A farkon wannan zama ya kammala littafinsa kan 'yancin zaɓi, raddi ga mabiya Mani, inda ya ɗora alhakin zunubi kacokan a kan mutum. Amma a wajejen shekara ta 396 wani dattijon malami na Milan, Simplisiyanus, ya aiko masa da tambaya kan sura ta 9 ta wasiƙar Romawa, wadda ke bayanin yadda Allah ya zaɓi Yakubu a kan Isuwa tun ba a haife su ba, da yadda ya taurare zuciyar Fir'auna.

Agustin ya shiga nazarin da niyyar kare 'yancin ɗan Adam, ya fito da akasin haka. Ya yanke cewa tun faɗuwar Adamu nufin mutum ya kamu da cuta, ba ya iya komawa ga Allah da ƙarfin kansa, kuma ko bangaskiyar farko ma kyauta ce. Kiristoci na kiran wannan kyauta alheri. Allah yana ba wanda ya zaɓa, sauran kuma ya bar su cikin hukuncin da suka cancanta.

Wannan ya haɗa shi da Pelajiyus, wani mai zuhudu daga Birtaniya, wanda ya ga koyarwar za ta ba malalata uzuri. Hujjarsa ita ce Allah mai adalci ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba. Ya ma kawo tsohon littafin Agustin a matsayin shaida. Wani taron malaman coci a Falasɗinu ya wanke Pelajiyus a shekara ta 415, amma taron Kartaj na shekara ta 418 ya yi Allah wadai da koyarwarsa.

Wanda ya fi ba shi wahala shi ne matashin bishop Juliyan na Eklanum, wanda ya zarge shi da cewa har yanzu ɗan ɗarikar Mani ne a ɓoye. Zargin ya wuce gona da iri, tun da Agustin bai taɓa cewa jiki ko duniya halittar sharri ba ce. Sai dai Juliyan ya taɓa inda ke ciwo, domin Agustin ya kai ga cewa jariran da suka mutu ba baftisma ba za su tsira ba, ko da yake hukuncinsu shi ne mafi sauƙi. Masana da dama na ganin fassarar Latin da ya dogara da ita a Romawa 5:12 ta karkatar da ma'anar asalin Girkanci, harshen da shi kansa ya amsa bai ƙware a kai ba. Idan aka tambaye shi dalilin zaɓen wani a bar wani, amsarsa ba ta wuce cewa hukuncin Allah ya fi ƙarfin bincike ba.

Akwai wani tabo kuma a tarihinsa. A rikicinsa da 'yan ɗarikar Donatus, waɗanda suka raba cocin Afirka gida biyu, da farko ya ƙi amfani da ƙarfi, daga baya ya goyi bayan hukuma ta tilasta musu komawa. Masu tsananta wa abokan saɓani a ƙarnonin baya sun sha fakewa da wannan matsayi nasa.

Faɗuwar Rum da ƙarshen rayuwa

Bayan da mayaƙan Alarik suka wawashe birnin Rum a shekara ta 410, masu bin addinin gargajiya sun ɗora laifin a kan Kiristoci. Agustin ya mayar da martani da littafin Birnin Allah, mai kashi 22, wanda ya ɗauke shi daga 413 zuwa 426. A ciki ya nuna cewa babu daular duniya da ke dawwama, kuma masifa na afka wa nagari da mugu baki ɗaya. Matsayinsa shi ne Allah ba ya yin sharri, yana ƙyale shi ne saboda yana da ikon fitar da alheri daga cikinsa.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su yana bitar littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya, yana gyara inda ya ga ya yi kuskure. A lokacin ne wasu masu zaman zuhudu a Hadrumetum, wato Susa ta Tunisiya, suka rikice suna tambaya ko akwai amfanin tsawata wa mai laifi idan kome na hannun Allah. Ya rubuta musu littattafai biyu, yana cewa tsawatarwar ma tana cikin hanyoyin da Allah ke shiryar da mutum.

Ya rasu ranar 28 ga watan Agustan 430, a wata na uku na ƙawanyar. Almajirinsa Posidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce bai bar wasiyya ba domin ba shi da dukiya, sai dai ya yi ta jaddada a kula da ɗakin karatun cocin. Littattafan kuwa sun tsira.

Taron Oranj na shekara ta 529 ya karɓi koyarwarsa kan alheri, amma ya ƙi yarda cewa Allah na ƙaddara wa wani aikata sharri. Bayan shekaru kusan dubu, Martin Luther, wanda ya fito daga ƙungiyar zuhudu mai bin ƙa'idar Agustin, ya yi muhawara da Erasmus kan 'yancin zaɓi a 1524 da 1525, John Calvin kuma ya ƙara tsaurara batun zaɓen Allah. Katolika da Furotesta kowa na cewa Agustin nasa ne.

Ƙasusuwansa suna wani coci a birnin Pavia na Italiya. A Annaba kuma akwai babban coci mai sunansa a kan tudu, yana kallon kufan tsohon birnin Hippo. A shekara ta 2001 gwamnatin Aljeriya ta ɗauki nauyin wani taron ƙasa da ƙasa a kansa, a watan Mayun 2025 kuma aka zaɓi Paparoma Leo na 14, na farko daga ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Agustin.