Taƙaitaccen tarihin Charles Best

An haifi Charles Herbert Best ranar 27 ga watan Fabrairun 1899 a garin West Pembroke da ke jihar Maine ta Amurka. Iyayensa 'yan asalin Kanada ne, kuma mahaifinsa likita ne.

Yana ɗalibi ɗan shekara 22 a Jami'ar Toronto, Farfesa John Macleod ya haɗa shi da Dokta Frederick Banting a shekarar 1921, domin su yi gwaje-gwaje a kan karnuka.

Abin da suke nema shi ne sinadarin da ke daidaita sukari a cikin jini, wanda wani sashen jiki da ke bayan tumbi, mai suna fankiriyas, ke samarwa.

A wancan zamani, yaron da ya kamu da ciwon sukari da wuya ya wuce shekara biyu a raye, likitoci kuwa ba su da wata dabara sai tsananta masa rage abinci.

A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar sinadarin da aka raɗa wa suna insulin. Allurar farko ba ta yi wani tasiri ba, sai da James Collip ya tace sinadarin sannan yaron ya farfaɗo.

Da aka ba Banting da Macleod lambar yabo ta Nobel a 1923, ba a ambaci Best ba. Hakan ya fusata Banting, wanda ya raba kuɗin kyautarsa biyu ya ba shi rabi.

Aikin Best na biyu bai kai na farkon shahara ba. Tun 1916 aka gano heparin, mai hana jini yin gudaji, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, amma ga tsada ga rashin tsabta, ba a iya bai wa mutane.

A ƙarshen shekarun 1920 Best ya kafa tawagar masana a cibiyar Connaught da ke Toronto, inda Arthur Charles da David Scott suka gano hanyar tace shi daga huhun shanu. Daga 1935 likitan tiyata Gordon Murray ya fara gwada shi a kan marasa lafiya. Heparin na cikin abubuwan da suka share fagen tiyatar zuciya da wankin ƙoda.

Best ya rasu a Toronto ranar 31 ga watan Maris na 1978.

Shekaru 34 bayan rasuwarsa ayyukan nasa biyu suka haɗu a bincike guda. A ciwon sukari nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke far wa ƙwayoyin da ke samar da insulin.

A 2012 masana a wata jami'a da ke Canberra, babban birnin Ostireliya, suka nuna cewa waɗannan ƙwayoyi na dogara ne da wani sinadari ɗan'uwan heparin, wanda ake lalatawa yayin farmakin. Da suka bai wa ɓeraye maganin PI-88, mai kama da heparin, sai yawan masu kamuwa da cutar a cikinsu ya ragu.

Sai dai nasarar a jikin ɓeraye aka same ta. Masu wannan ciwo har yanzu da insulin suke rayuwa.