Hans Krebs, likitan da ya gano yadda abinci ke zama ƙarfi

Duk wanda ya sha hura da safe ya tafi gona ya san abinci ne ke ba jiki ƙarfi. Ya kuma san idan noma ya yi zafi numfashi yakan ƙaru. To, mene ne ya haɗa abinci da numfashi? Tun kafin shekara ta 1800 wani masanin Faransa mai suna Lavoisier ya nuna cewa jiki ƙona abinci yake yi da iskar da muke shaƙa, kamar yadda itace ba ya ci a murhu sai da iska. Amma wutar murhu tana cinye itace nan take, jikin mutum kuwa zafinsa yana tsayawa wajen digiri 37. Yadda wannan ƙuna ke gudana a hankali ya daɗe yana ɓoye ga masana. Hans Krebs yana cikin waɗanda suka warware shi.

An haife shi ranar 25 ga watan Agusta na 1900 a garin Hildesheim na ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ɗan ya bi sawun uba ya karanci aikin likita, ya samu digirinsa a 1925. Sai dai zuciyarsa ta fi karkata ga bincike. Daga 1926 zuwa 1930 ya yi aiki a Barlin ƙarƙashin wani babban malami, Otto Warburg. A wurinsa ya koyi dabarar da ya dogara da ita shekaru da yawa: a yanka tsoka ko hanta siriri ƙwarai, a sa cikin ƴar kwalba da ruwa mai gishiri, a auna yawan iskar oksijan da take zuƙa. Naman dabbar da aka yanka yanzu yakan ci gaba da zuƙar iska na ɗan lokaci, domin ƙwayoyin halittar da ke cikinsa ba su mutu ba tukuna. Waɗannan ƙwayoyi su ne tubalan da aka gina jiki da su, ido ba ya ganin su sai da madubin likita.

A 1932, yana aiki a asibitin jami'ar Freiburg, shi da ɗalibinsa Kurt Henseleit suka gano yadda hanta ke haɗa yuriya, wadda jiki ke zubarwa cikin fitsari. Ita ce dai yuriyar da manoma suka sani cikin takin zamani. Sunansa ya fara fita. Amma a shekara mai bi Hitla ya hau mulki, aka yi doka ta korar Yahudawa daga aikin gwamnati. Aka sallami Krebs daga asibitin, ba don wani laifi ba sai don asalinsa. Wani malamin Ingila, Frederick Hopkins, ya kira shi jami'ar Kambirij. Ya bar ƙasar haihuwarsa da ɗan abin da ke hannunsa, amma ya yi dabarar tafiya da na'urorinsa na awon iska. A 1935 ya koma jami'ar Shefild, kuma can ne ya yi aikin da aka fi saninsa da shi.

Ya zaɓi tsokar ƙirjin tantabara, domin ita ce ke kaɗa fiffike, tana cin iska ƙwarai. Wani masanin ƙasar Hangari ya riga shi amfani da ita, wasu kuma a Jamus sun gano guntu-guntun lamarin. Abin da ya rage shi ne mai haɗa su. Krebs da ɗalibinsa William Johnson suka riƙa niƙa tsokar, suna zuba mata sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Da suka zuba ɗan sinadarin nan mai sa lemun tsami ya yi tsami, sai tsokar ta zuƙi iska fiye da wadda ake bukata don ƙona ɗan abin da aka zuba. Ashe sinadarin ba ƙarewa yake yi ba, komowa yake yi.

A nan ya kamata mai karatu ya natsu. Tuwon da muka ci yana narkewa a hanji ya zama sukari, jini ya kai shi ga ƙwayoyin halitta. Can ake farfasa shi har ya zama gutsure mai ɗauke da ƙwayar kabon biyu. Kabon shi ne abin da gawayi ya ƙunsa. Wani sinadari mai kabon huɗu yana nan yana jira. Ya kama gutsuren, su zama mai kabon shida, wato sinadarin tsamin nan. Daga nan sai a bi matakai takwas. A kan hanya kabon biyu su fita a cikin gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa ta hanci, a kuma tatse ƙarfin da ke ciki kaɗan-kaɗan. Ƙarshen tafiya, mai kabon huɗun nan ya komo yadda yake, ya kama wani gutsure. Kamar guga ne a rijiya: ya sauka, ya hau da ruwa, a juye, ya sake sauka, gugan bai canja ba. Wannan shi ake kira Kewayen Krebs. Mai da nama su ma, idan jiki zai ƙona su, ta wannan hanya suke bi.

Ina aikin oksijan? Abin da aka tatsa ana miƙa shi hannu da hannu har ya isa ga oksijan, su haɗu su zama ruwa. A wajen wannan miƙo ne ƙwayar halitta ke tara mafi yawan ƙarfinta cikin wani sinadari da ake kira ATP, wanda tsoka ke kashewa idan za ta motsa. Idan oksijan ya yanke, kewayen ya tsaya. Shi ya sa mai ƙarancin jini ke yawan gajiya ko da ya ƙoshi, domin jininsa ba ya kai isasshiyar iska. Kewayen kuma yana bukatar bitamin na rukunin B, irin waɗanda ake samu a wake da gyaɗa da hatsin da ba a surfe ƙwarai ba.

A 1937 Krebs ya aika da rahotonsa ga mujallar Nature ta Ingila. Suka mayar masa, wai rubuce-rubuce sun yi musu yawa. Wannan kam sun yi asara. Wata mujalla ta ƙasar Holan, Enzymologia, ta buga shi a shekarar. Wani giɓi ya rage, domin Krebs bai san takamaiman yadda gutsuren ke shiga kewayen ba. Fritz Lipmann, wanda shi ma ya baro Jamus ya zauna a Amurka, ya gano sinadarin da ke ɗauke da shi. A 1953 aka raba musu lambar yabo ta Nobel su biyu.

Krebs ya auri Margaret Fieldhouse a 1938, suka haifi ƴaƴa uku. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi bincike kan yawan bitamin A da C da jikin mutum ke bukata. A 1954 ya koma jami'ar Oksfod. Ya yi ritaya a 1967, amma bai bar ɗakin bincike ba har ya rasu a Oksfod ranar 22 ga watan Nuwamba na 1981, yana da shekara 81.