Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin matar nan da ke bayan takardar naira 20, don a ganina akwai abin da mai shirin zama malami zai tsinta a ciki.

An haifi Ladi wajen 1925 a Kwali, cikin ƙasar Gwari. Ba ta shiga makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Da hannu take ɗaga randa, sa'an nan ta zana mata ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi.

Wanda ya fara ɗaga darajar aikinta shi ne Sarkin Abuja, watau Suleja ta yanzu, Alhaji Suleimanu Barau. Shi kuwa tsohon malamin makaranta ne, a Kwalejin Katsina ya yi karatu. Ya sayi tukwanenta ya ajiye a fada. A can wani Bature maginin tukwane, Mista Michael Cardew, ya gan su. Da ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga cikin 1954, ita ce mace ta fari. Ta koyi gini a kan injin juyi da gashi a tanderu, amma ba ta yar da zanen gida ba.

Cikin 1958 aka nuna aikinta a Landan. Cikin 1962 ta tafi Ingila da kanta, cikin 1972 kuma Amurka. Ta kan tsaya gaban taron masana, ba tsoro ba rawar jiki, ta gina randa suna kallo. Me ya ba ta wannan ƙarfin zuciya? Ta san abin da hannunta ya iya, an kuma taɓa yaba mata tun a gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, kamar yadda ta ba Mamman Shata cikin 1988 saboda waƙa. Ta rasu a Minna cikin 1984.

To, ga inda nake nufi. Tun 2009 yara da yawa a nan Barno suka ga tashin hankali, waɗansunsu kuwa su za mu tarar a azuzuwan Dala. Irin yaron nan sau da yawa ba ya iya faɗin abin da ke cinsa. Amma a ba shi yumɓu ko alli, ko a sa shi cikin masu amshi, sai ka ga hankalinsa ya kwanta, har ya ɗaga kai.

Saboda haka kada mu mai da lokacin zane da waƙa lokacin hutun malami. Mu duba abin da yaro ya yi, mu yaba, mu kafa shi a bango kowa ya gani, yadda Sarki ya yi wa tukwanen Ladi. Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ƙarami ne. Allah ya ba mu idon gani, amin.