Martin Luta: Mutumin da Ya Nemi Salama da Allah

An haifi Martin Luta a garin Aisleben, cikin ƙasar Jamus, ran 10 ga Nuwamba, 1483. Ubansa mai aikin ma'adinin jan ƙarfe ne, yana so ɗansa ya zama lauya. Amma a shekara ta 1505 hadari ya tarar da saurayin a hanya, aradu ta faɗi kusa da shi. Tsoron mutuwa ya kama shi, ya yi wa'adi, ya bar karatun lauya, ya shiga gidan masu zuhudu a Erfurt.

Can ya kiyaye kowace doka. Ya yi azumi, ya kwana yana addu'a, yakan daɗe yana furta zunubansa har babbansa ya gaji da ji. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Shari'a ta zama masa kamar madubi: tana nuna dauɗa, amma ba ta wankewa.

A 1512 aka naɗa shi malamin Littafi Mai Tsarki a jami'ar Witenbag. Yana koyar da Zabura, da Romawa, da Galatiyawa, sai Romawa 1:17 ta buɗe masa ido. Dā yana tsammani adalcin Allah hukunci ne kaɗai. Yanzu ya gane kyauta ce wadda Allah ke bai wa mai zunubi saboda Yesu Kristi, ana kuwa karɓarta ta wurin bangaskiya.

Saboda haka, da aka zo ana sayar da takardun gafara, ya rubuta magana 95 a kansu a Oktoba 1517. A 1521 aka tsai da shi gaban Sarki Charles na Biyar a Woms, aka ce ya janye koyarwarsa, ya ƙi. Abokansa suka ɓoye shi a Watbag, inda ya juya Sabon Alkawari cikin Jamusanci.

Daga baya waɗansu suka ce, tun da ceto kyauta ne, ba sauran amfanin wa'azin Shari'a. Luta ya tsaya musu. Katikisim ɗinsa na 1529 ma da Dokoki Goma ya fara. Ya koyar da cewa itace mai kyau shi ke ba da 'ya'ya masu kyau, ba 'ya'yan ke mai da itace mai kyau ba.

Shi ma ba marar aibu ba ne. Yana da zafin baki, abin da ya rubuta a kan Yahudawa a 1543 kuwa mugun abu ne. Ya rasu a Aisleben ran 18 ga Fabrairu, 1546.

Ɗan'uwa mai karatu, a kan me ka dogara? Zakka, da zuwa sujada, da barin giya duka suna da kyau, amma ba su ne tushen ceto ba. Ka ba da gaskiya ga Kristi tukuna, sa'an nan ka yi biyayya don godiya.